A Haɗa Fanel a Gida, Ko a Ci Gaba da Aikawa Shenzhen?

A shekarar 2020 gwamnatin Najeriya ta ɗauki matakai biyu masu karo da juna a cikin 'yan watanni. Da fari ta jingine, na tsawon shekara guda, harajin kashi 35 cikin 100 da aka ɗora wa mitar wutar lantarki da ake shigowa da ita a haɗe daga waje, domin a gaggauta kai mita ga miliyoyin gidajen da ake yanka wa kuɗin wuta da ka. A watan Oktoba kuma ta ƙaddamar da shirin raba mita ga jama'a, Babban Banki ya ba da rancen kuɗin, bisa sharaɗin cewa ba za a sayi mita da kuɗin nan ba sai wadda aka haɗa a cikin ƙasa. Mai saurin yanke hukunci zai ce ruɗu ne irin na gwamnati. Ni ban ga haka ba. Kowane mataki cikin biyun yana da hujja mai nauyi a bayansa, kuma a kan hujjojin nan ake ta gwabzawa duk lokacin da aka tayar da maganar ko ya dace mu riƙa haɗa cikin na'urorinmu a gida, ko mu ci gaba da aika zane da dala ƙasar Sin mu zauna jiran kaya.

Abin da ake jayayya a kansa ɗan allo ne, galibi kore, wanda masu gyara a Farm Centre ta Kano da Computer Village ta Ikeja ke kira fanel. Yana cikin mita, yana cikin inbata da na'urar cajin batirin sola, yana cikin na'urar POS, har da ƙwan fitilar zamani. Jikinsa zaren gilashi ne da aka daskarar da danƙo, aka shimfiɗa masa jan ƙarfe siriri ƙwarai, sannan aka sa sinadari ya cinye jan ƙarfen ya bar hanyoyin da wuta za ta bi kaɗai. A kan hanyoyin ake jera ƙananan kaya, su rezisto da kafasito da ayisi, a liƙe su da dalma.

Aiki uku ne a nan, kuma rabin hayaniyar daga cakuɗa su take tasowa. Ƙera ƙananan kayan da kansu, musamman ayisi, harka ce ta biliyoyin daloli da Taiwan da Koriya ta Kudu da Japan da Sin da Amurka suka mamaye. Babu mai hankalin da ke cewa daga nan za mu fara. Yin allon tsurarsa aikin sinadarai ne da ruwa mai yawa da injinan huji, kuma ruwan da ke fita daga masana'antar yana ɗauke da jan ƙarfe, dole a tace shi kafin a sake shi. Wanda ya san abin da ruwan majemu ya yi wa kogin Challawa ba zai yi garajen gayyato wannan ba. Fiye da rabin allunan duniya a Sin ake yin su, kuma Amurka kanta, wadda a wajajen shekarar 2000 take yin kusan kashi 30 cikin 100, yanzu kasonta bai wuce kashi 4 ba. Saura aiki na uku: ɗora kaya a kan allo, a liƙe, a zuba masa manhaja, a gwada. A kan wannan ne muhawarar take da ma'ana.

Yadda ake yinsa ba boyayye ba ne. Ana shafa kwaɓaɓɓiyar dalma ta cikin wani faranti mai huje-huje, ta sauka daidai inda ake bukata. Wani inji ya riƙa tsintar kayan daga naɗinsu yana dasawa, dubun-dubata a awa guda, wasu tsawonsu milimita ɗaya tak. Allon ya ratsa tanderu mai zafin da ya kai kusan digiri 245, cikin 'yan mintoci dalmar ta narke ta kama. Kamara ta duba, mutum ya gwada. Manyan sunayen da muka sani yawanci ba su ke wannan aiki da hannunsu ba. Apple ba shi ke haɗa iPhone ba; Foxconn na Taiwan, wanda Terry Gou ya kafa a 1974, da ire-irensa ke haɗa masa bisa kwangila. Matsayin irin wannan masana'anta kamar na mai injin niƙa ne a unguwa: hatsin ba nasa ba ne, garin ma ba nasa ba ne, ladan niƙa kawai yake karɓa, kuma ba ya cin riba sai injin ya wuni yana kuka. Tambayar da ke gabanmu ita ce ko irin wannan injin zai samu abin niƙa a Kano ko Legas har ya ci da kansa.

Masu cewa a yi a gida kan fara da dala. Suna tuna mana cewa a Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500, kuma duk wanda ya dogara da kayan waje ya ji a jikinsa. Gaskiya ne, amma a ganina wannan ce hujjarsu mafi rauni, ko da yake ita suka fi ɗaga murya a kanta. Mafi yawan kuɗin fanel na ƙananan kayan da ke kansa ne, su kuwa da dala za a sayo su ko a ina aka haɗa. Injin dasawar da dala aka saye shi, kayan gyaransa da dala, har dalmar. Abin takaici, dalmar zamani kusan dukkanta kuza ce, irin wadda aka yi shekara da shekaru ana haƙowa a Filato ana fitarwa. Abin da haɗi a gida ke ragewa na dala ladan haɗin ne da wani ɓangare na kuɗin dako. Ba ƙarami ba ne idan kaya sun yi yawa, amma ba shi zai ceci naira ba.

Hujjarsu mai ƙarfi ita ce kusanci, kuma ba a cika ba ta haƙƙinta ba. Ɗauki ƙaramin kamfani da ya zana na'urar cajin sola, yana son guda ɗari biyar. A wurin babbar masana'anta a Shenzhen shi ba kowa ba ne. Aikinsa na bayan layi. Idan kaya suka iso aka tarar an juya wani kafasito baibai, ko an musanya ayisi da wata mai kama da ita saboda ta asalin ta yanke a kasuwa, ina zai kai kuka? Mayar da kaya ya fi sake sayensu tsada. Sai ya tara yara da abin liƙi su zauna gyara ɗaya bayan ɗaya. Amma idan masana'antar tana tafiyar awa biyu daga ofishinsa, injiniyansa zai tsaya a bakin tanderu ya karɓi allon farko da zafinsa, ya gwada, ya ce a dakata kafin a lalata sauran ɗari huɗu da casa'in da tara. Na'ura ba ta yin kyau a zubin farko. Ana zana ta, a gwada, a gyara, a sake. Wanda kowane zagaye ke cin masa mako shida ba zai kamo wanda zagayensa kwana huɗu ne ba. Kuma a wannan kai-komon tsakanin mai zane da mai haɗi ake koyon abin da ba a koyarwa a aji: wane zane ne ke da sauƙin haɗi, wane ne ke jawo asara.

Akwai kuma batun ƙasar da na'urar za ta zauna. Inbatar da aka zana don gidan da ke da sanyi da tsayayyiyar wuta, idan aka kulle ta a shago a Sakkwato cikin watan Afrilu, wata duniya ta shiga. Injiniyoyi suna da ƙa'idar da suke aiki da ita: duk ƙarin digiri 10 na zafi yana raba tsawon rayuwar kafasito mai ruwa biyu. Ga ƙura tana toshe fanka, ga wuta tana hawa da sauka yadda ta ga dama. Duk mai gyaran inbata zai iya lissafa maka sassan da suka fi ƙonewa, domin su yake canjawa kullum. Wannan ilimi yana nan jibge a kasuwanninmu, amma babu hanyar da zai koma ga mai zanen, domin mai zanen yana wata nahiya bai ma san an yi ba.

Misalin da masu wannan ra'ayi suka fi ji da shi daga Birtaniya yake. A farkon 2012 aka fara sayar da Raspberry Pi, ƙaramar kwamfutar nan da ba ta wuce allo ɗaya ba, wadda aka yi don koyar da yara. Masu ita mutanen Cambridge ne, amma a Sin aka haɗa zubin farko. Cikin dalilan da suka bayar har da wani mai ban mamaki: idan ka shigo da ƙananan kaya Birtaniya don ka haɗa, za ka biya haraji a kan wasunsu, amma idan ka shigo da na'urar a haɗe ba ka biyan komai. Wato dokar ƙasar da kanta take korar aikin zuwa waje. Duk da haka, kafin shekarar ta ƙare an mayar da haɗin masana'antar Sony da ke Pencoed a yankin Wales, tsohuwar masana'antar talabijin da ta koma karɓar aikin kwangila. Tun daga lokacin an haɗa miliyoyin allunan nan a can, a ƙasar da albashin ma'aikaci ya ninka na Sin. Darasin da suke cirowa shi ne arhar leburanci ba ita ke yanke hukunci a wannan sana'a ba, tunda inji ke yawancin aikin. Sun kuma nuna Nairobi, inda kamfanin Gearbox Europlacer yake haɗa Raspberry Pi Pico a kan kwangila. Idan an yi a Kenya, in ji su, me zai hana a nan?

Sukan rufe da abin da ya faru daga 2020 zuwa 2022, lokacin da annobar korona ta birkita jiragen ruwa, ayisi ta yi ƙaranci har masana'antun motoci a Turai da Amurka suka tsaya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sai dai ƙarancin nan na ƙananan kaya ne. Mai injin haɗi a gida ma da zai zauna ya naɗe hannu.

To, ga ɗaya ɓangaren, kuma maganarsu ba ta 'yan kasuwa masu son zuciya ba ce kawai, kamar yadda ake yawan yi musu fenti. Suna farawa da farashi. Akwai kamfanoni a Shenzhen, irin su JLCPCB, da ke tallar ƙananan alluna biyar tsurarsu a kan dala 2. Kuɗin aiko su ya fi kuɗin yin su. Wannan arha ba daga ƙarancin albashi ta zo ba. Ta zo ne daga yawa da kuma cunkoso. A kasuwar Huaqiangbei mutum zai sayi kusan kowace irin ayisi a yini guda, mai yin kwandon roba yana kusa, mai yin faranti yana kusa, mai gyaran injin dasawa zai iso kafin azahar. Allo ɗaya na iya ɗaukar kaya iri ɗari. Guda ɗaya ta ɓace, aikin duka ya tsaya. A Shenzhen aike ne na awa guda. A nan kuwa sai a buɗe takardar banki, a nemi dala, a jira jirgi, a jira kwastan. Kusancin da ake yabo, in ji su, kusanci ne da mai saye. Mai haɗi kuwa ya yi nisa da duk abin da yake bukata.

Sannan su kawo lissafin gida. Ribar wannan sana'a siririya ce ko a hannun manya; Foxconn da kansa abin da ke rage masa bai kai kashi 5 cikin 100 na cinikinsa ba. A ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin 100, rancen bankunan kasuwanci kuma yana sama da haka. Wanda zai ci bashi a kan wannan, ya sayo kaya da kuɗi hannu, su yi wata biyu a hanya, ya haɗa, ya ba da, sannan ya jira a biya shi, da wace riba zai biya banki? Ga wuta. Idan aka ɗauke ta alluna suna cikin tanderu, waɗanda ke ciki sun tafi ke nan, don haka dole janareta da batura su tsaya da shiri. A Afrilun 2024 kuɗin wutar rukunin Band A, wato masu samun wuta mafi yawan awoyi, ya tashi zuwa naira 225 kowane yunit. Ga hunturu, wanda ba a cika kawo shi a lissafi ba. Tartsatsin nan da ke cizon yatsa idan ka taɓa ƙofar mota a watan Janairu ya isa ya kashe ayisi ba tare da ido ya ga alama ba, kuma busasshiyar iska ce ke haifar da shi. Masana'antar haɗi a Arewa sai ta tace ƙura, ta sanyaya ɗaki, ta kuma ƙara wa iska danshi. Duk wannan wuta yake ci.

A kan samar da aiki ma sun fi gaskiya. 'Yan siyasa na son hoton ɗaruruwan matasa sanye da fararen riguna a jere, amma layin haɗi na zamani mutane ƙalilan ke kula da shi. Hannaye sun fi yawa a gwaji, da sa kwando, da shiryawa a kwali. Wanda ke neman maganin zaman banza na miliyoyi ya duba noma da gini da ɗinki. A nan aikin kaɗan ne, sai dai mai daraja.

Hujjar da ta fi sa ni yin shiru ita ce tarihi, domin mun taɓa bin wannan hanya. A 1975 Peugeot ta fara haɗa motoci a Kaduna, Volkswagen a Legas, daga baya Steyr a Bauci, da masana'antar manyan motocin Fiat a Kano. Sassa ake kawowa a akwatuna a ɗaura. An yi alkawarin cewa sannu a hankali za a riƙa yin sassan a gida. Abin da aka cimma bai kai ko kusa da alkawarin ba. Da kuɗin mai ya faɗi, aka shiga shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986 naira ta karye, sassan suka gagari saye, gwanjo ta cika titi, masana'antun suka yi ta durƙushewa. Na kusa-kusa kuma ga Mara Phones. A Oktoban 2019 kamfanin ya buɗe masana'antar waya a Kigali, sannan wata a Durban ta Afirka ta Kudu, shugabannin ƙasashen biyu suka halarta, aka yi ta shelar cewa har fanel ɗin a nan ake haɗa shi. Kafin a cika shekara uku masu bin ta Durban bashi sun sa ta a kasuwa. Injina na zamani ne, ma'aikata sun samu horo, amma mai saye ya duba farashi ya ɗauki Tecno ko Samsung. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Idan aka ce to a toshe ƙofa da haraji, sai su nuna Birazil. A 1984 ta kafa dokar da ta keɓe kasuwar ƙananan kwamfutoci ga kamfanonin gida. An samu masana'antu, an horar da injiniyoyi, amma kwamfutar Birazil ta fi ta waje tsada kuma tana baya a fasaha, fasa-ƙwauri daga Paraguay ya bunƙasa, a 1992 aka janye keɓewar. Mu kuwa mun san iyakokinmu. An rufe su daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, shinkafa mai nauyin kilo hamsin ba ta daina ratsowa ba, balle allon da ɗari za su shiga jakar hannu. Kuma wa ke biyan harajin? Matar da ke son mita don ta huta da kuɗin wutar da ake yanka mata da ka. Har yanzu wajen rabin masu hulɗa da kamfanonin rarraba wuta ba su da mita. Duk watan da aka jinkirta don a jira masana'antar gida, ita ce ke biya. Wannan ce hujjar jingine harajin mita a 2020, kuma ba hujjar wasa ba ce.

Indiya kuwa kowane ɓangare yana jan ta zuwa gefensa. Ta bi matakai: ta fara da haraji a kan wayar da aka gama, a 2018 ta ɗora kashi 10 cikin 100 a kan fanel ɗin waya da aka riga aka haɗa, a 2020 kuma ta fito da tsarin biyan kamfani tukuicin kashi 4 zuwa 6 cikin 100 a kan ƙarin abin da ya ƙera ya sayar. Yau ita ce ta biyu a duniya wajen haɗa waya, Foxconn na haɗa iPhone a jihar Tamil Nadu, kamfanin gida irin Dixon ya girma da aikin kwangila. Masu goyon baya su ce ga shi nan. Masu suka su kawo Raghuram Rajan, tsohon gwamnan babban bankin ƙasar, wanda a 2023 ya yi jayayya cewa yawancin darajar wayar shigowa da ita ake yi a matsayin sassa, abin da ake ƙarawa a Indiya kaɗan ne. Duka biyun suna da gaskiya. Abin da ya fi jan hankalina shi ne tukuicin Indiya bayan aiki ake biyansa, a kan kayan da suka fita daga masana'anta, kuma yana da wa'adi. A nan mun saba da akasin haka: a ba da kuɗi a ranar aza harsashi.

Da na auna duka, ga inda na tsaya. Waya ba tamu ba ce a yanzu. Samfurinta na canjawa duk bayan 'yan watanni, ribarta ƙanƙanuwa ce, abokan gasa kuma ƙattai ne. Yin allo tsurarsa da yawa shi ma a ɗaga masa ƙafa. Amma akwai kayan da lissafinsu ya bambanta: waɗanda ake bukata da yawa shekara bayan shekara, zanensu ba ya saurin tsufa, suna da nauyi ko girman da ke sa dako tsada, kuma yanayinmu yana bukatar a yi musu zane na musamman. Mita ce kan gaba, sai inbata, da na'urar cajin sola, da fitilun titi, da na'urorin sarrafa famfon ban-ruwa. A mita ma ba daga sifili za a fara ba. An taɓa yin kamfanin mita a Zariya, EMCON. Yau akwai irin su MOJEC da MEMMCOL a kudu maso yamma. Dokar hukumar kula da harkar wutar lantarki, NERC, ta 2018 ta wajabta wa masu samar da mita su sayi aƙalla kashi 30 cikin 100 daga gida. Hukumar NEMSA kuma tana da tashoshin gwada mita, har da ta Kaduna. Abin da ke kashe masu haɗin mita rashin tabbas ne. Bana a kira su a ce duk ciniki nasu ne, baɗi a ci bashin Bankin Duniya a ba kamfanonin Sin kwangilar mita fiye da miliyan guda, su kuma injinansu na zaune. Babu mai zuba kuɗi a injin da zai biya kansa cikin shekara biyar alhali manufar gwamnati ba ta kai wata goma sha biyu.

A nan ne kwangila ta zama ginshiƙin maganar. Bambancin Pencoed da Durban ba na injina ba ne. Ta Durban kaya ɗaya take yi na kamfani ɗaya. Da wayar ta ƙi sayuwa, komai ya tsaya. Ta Pencoed tana da nata aikin kamarori, ga na Raspberry Pi, ga na wasu. Kasuwarmu ba ta kai girman da kowane mai mita da kowane mai inbata zai sayi nasa layin haɗi ya cika shi ba. Idan kowa ya gina nasa, za mu wayi gari da layuka goma kowanne yana aiki kwana biyu a mako. 'Yan masana'antu ƙalilan masu karɓar aikin kowa, yau mita, gobe inbata, jibi guda hamsin na ɗaliban Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello, su ne za su iya rayuwa. Wannan yana bukatar amana, domin mai zane zai miƙa sirrinsa ga wanda ke yi wa abokin gasarsa aiki. Ina ganin wannan zai fi wutar lantarki wuyar samu, kuma babu dokar da za ta samar da shi sai tarihin cika alkawari.

Kariya kuwa, in za a ba da ita, a ba da ita da igiya. A sauke haraji a kan ƙananan kaya da allo tsura da dalma da injina, ya zama na'ura haɗaɗɗiya ce ke ɗaukar nauyin, kada mu maimaita abin da ya kori Raspberry Pi daga gida. A ware wa kayan masana'anta hanyar fita daga tasha cikin kwanaki, domin a wannan sana'a jinkirin kwastan ya fi kuɗin kwastan ciwo. A faɗi shekarar da kariyar za ta ƙare tun ranar farko, a kuma riƙa rage ta. Mafi muhimmanci, a fayyace me ake nufi da haɗin gida. Wanda ya shigo da fanel a haɗe, ya sa shi a kwandon roba, ya ɗaura kusa huɗu, ya manna tutar Najeriya, bai cancanci rangwamen ko kwabo ba. Gane shi ba wuya: a je masana'antarsa ba tare da sanarwa ba, a taɓa tanderun a ji ko da zafi, a duba takardun shigo da kayansa a ga ko naɗin rezisto yake saye ko alluna gamammu.

Su ma masu cewa a bar komai ga kasuwa akwai abin da suka kasa amsawa. Ƙasashe da dama da yau suke ƙera sassa, da haɗi suka fara. Taiwan da Shenzhen kansu da aikin wasu suka tashi. Abin da ya faru da Peugeot ta Kaduna ya nuna cewa haɗi kaɗai ba ya wadatarwa, bai nuna cewa za a iya tsallake shi ba.

Ga gwamnonin Arewa da ke sha'awar yanka kintinkiri: kada jiha ta gina masana'antar fanel da kuɗin jama'a. Ta samar da fili mai tsayayyiyar wuta a Sharaɗa ko Bompai ko Kakuri, ta rubuta a fili yawan fitilun titi da na'urorin sola da za ta saya cikin shekara biyar, ta ce waɗanda aka haɗa allonsu a ƙasar nan za ta fifita matuƙar sun ci gwaji kuma farashinsu bai yi nisa da na waje ba, sannan ta biya a kan lokaci. In an yi haka ɗan kasuwa zai sayo injin da kuɗinsa. In kuwa bayan duk wannan babu wanda ya zo, to lissafin bai fita ba, a ci gaba da sayowa daga waje a kai wa mutane mitarsu.